Darasi: Yaron da bai yi kuka ba, da wanda za a tambaya

Wannan darasi domin ƙungiyoyin mata ne, da kwamitocin lafiya na ƙauyukanmu a ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. Ya kamata maza su zauna su ji, gama rabin maganar tasu ce. Mai koyarwa ya karanta shi a gida tukuna. Idan ya ga ya yi tsawo, sai ya raba shi zama biyu.

Da wuya a sami ƙauyen da ba shi da irin yaron nan. Ya kai wata 8 wuyansa bai tsaya ba. Ya shekara bai zauna ba. Hannuwansa a dunƙule suke, in an ɗaga shi ƙafafunsa su sandare su harɗe kamar almakashi. Wani kuma jikinsa laƙwas yake, miyau yana zuba, kunu yana shaƙe shi. Uwarsa tana goya shi har ya shekara 7, ta daina zuwa biki, ta daina sana'arta, wani lokaci ma auren ya mutu saboda shi. Mutane suna cewa ɗan ruwa ne, ko iska ta taɓa shi, ko uwar ta fita da magariba tana da ciki. Waɗansu suna cewa shan inna ne. Amma shan inna dabam yake. Shi ƙwayar cuta ce take kama yaron da yake lafiya lau, ƙafar ta saki ta kuma tsotse.

Likitoci suna kiran wannan lalura serebral palsi, watau shanyewar jiki wadda take fitowa daga rauni a ƙwaƙwalwa. Raunin yakan faru tun yaro yana ciki, ko a lokacin haihuwa, ko a farkon ƙuruciya. Ba ya ƙaruwa, ba a ɗaukarsa daga wani, ba ya kuwa warkewa sarai. Ku lura da wannan: da yawa daga cikin yaran nan hankalinsu cikakke ne. Suna jin duk abin da ake faɗa a kansu, harshe ne kawai ya ƙi yi musu biyayya.

Wani likitan ƙashi a Landan mai suna William Little shi ne ya bayyana a 1861 cewa wahalar haihuwa takan jawo wannan shanyewa. A 1897 Sigmund Freud ya ce a'a, sau da yawa matsalar ta riga naƙuda, tun a ciki take. Yau an gane dukansu biyu suna da gaskiya. A ƙasashen Turai, inda kusan kowace mace take haihuwa a hannun gwanaye, kaɗan ne daga cikin yaran nan suka sami rauninsu a ɗakin haihuwa. A wurinmu ba haka ba ne. Likitocin yara da suka duba bayanan marasa lafiya a Kano sun tarar rashin numfashi a lokacin haihuwa shi ne kan gaba. Bayansa akwai shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro wanda ya hau kai.

Yadda raunin yake faruwa

Ɗa a ciki ba ya numfashi da hancinsa. Iskarsa tana zuwa cikin jinin uwa, ta bi ta mabiyiya da cibiya. Duk sa'ad da mahaifa ta murɗa a naƙuda, jinin yana raguwa na ɗan lokaci, sa'an nan ya komo in ta saki. Lafiyayyen ɗa yana iya jure wannan na sa'o'i. Amma idan naƙuda ta yi tsawo har kwana ɗaya ko biyu, ko ƙugun uwa ya yi wa kan yaron kaɗan, ko yaron ya zo a gicciye, ko cibiya ta riga shi fitowa, ko mabiyiya ta saɓule kafin lokaci, ko uwa ta kama jijjiga, sai iskar ta kasa. Ƙwaƙwalwa ita ce ta fi kowace gaɓa rashin haƙuri da wannan. In iska ta yanke ɗungum, mintoci kaɗan sun isa su yi ɓarna.

Irin wannan yaro yakan fito shiru, jikinsa a sake, leɓunansa sun yi shuɗi-shuɗi. Ba ya kama nono. Cikin kwana ɗaya ko biyu yakan fara jijjiga. Sa'an nan ya lafa, a yi suna, kowa ya manta. Sai bayan wata 6 ko shekara a fara cewa, “Yaron nan fa bai zauna ba.” Ku riƙe wannan jinkiri a ranku, gama za mu komo kansa sa'ad da muka zo maganar kotu.

Shawara kuma tata hanyar dabam ce. Jarirai da yawa idonsu yakan yi ɗorawa kaɗan a kwana na 3 ko na 4, ya wuce da kansa. Amma idan ta fito a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, ko yaron ya daina shan nono yana kuka mai tsini yana banƙarewa, dafin ya kama hanyar ƙwaƙwalwa ke nan. Maganinta a asibiti fitila ce mai shuɗin haske, in ta yi tsanani a sauya wa yaron jini. Ruwan gulukos da shanya yaro a hantsi da saƙe-saƙi ba su isa ba. Kafur ɗin nan da muke sawa cikin kayan jarirai yana fasa jinin waɗansu yara ya tsananta shawara. A fitar da shi daga akwati.

Abin da ake bin ma'aikaci bashi

Ba za mu san sakaci ba sai mun san abin da ya wajaba a yi. Mace ta zo asibiti da naƙuda, ma'aikaciyar da aka koyar ta san za ta auna jininta, ta duba kwanciyar yaron, ta saurari bugun zuciyarsa. Bugun lafiyayyen ɗa yana tsakanin 110 da 160 a minti ɗaya. Ana sauraronsa a kalla kowane rabin sa'a, in an fara yunƙuri kuwa sai kowane minti 5. Ana duba buɗewar mahaifa kowane sa'a 4. Dukan wannan ana rubuta shi a wata takardar bin naƙuda, wadda take nuna wa mai karatunta ko haihuwa tana tafiya ko ta tsaya. Idan ta tsaya, ko bugun zuciyar yaron ya lalace, sai a kira likita a yi aiki a ciro shi. In babu likita a wurin, a tura matar babban asibiti nan da nan, da takarda a hannu. Yaro ya fito bai yi kuka ba, a goge shi da ƙyalle a motsa shi, in bai numfasa ba a hura masa iska da 'yar jakar roba kafin minti ɗaya ya cika. Akwai kuma maki da ake ba jariri daga 0 zuwa 10, a minti na 1 da na 5, bisa ga tsarin da wata likita Ba'amurkiya, Virginia Apgar, ta fitar a 1952. Shi ma a rubuce yake zama.

Wannan ba aikin alfarma ba ne da za a yi wa matar mai kuɗi kaɗai. Shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake bin kowane ɗakin haihuwa.

Yanzu ga misalai uku. Mai koyarwa ya karanta kowanne, ya bar jama'a su yi gardama kafin ya ci gaba.

Ta fari yarinya ce mai shekara 16, cikin fari, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Naƙuda ta kama ta daren Talata, kunya ta hana ta faɗa. Ran Laraba tsofaffi suka ba ta jiƙo, suka ce ta yi haƙuri. Mijin yana Kano wurin cin rani, an ce sai an ji daga bakinsa. Ran Alhamis da hantsi aka sami mota. Da suka isa asibiti, cikin sa'a ɗaya aka yi mata aiki. Yaron ya rayu, amma ya shanye.

Ta biyu ta yi awo sau 5, katinta yana hannunta. Ta isa asibiti da la'asar naƙuda tana farawa. An duba ta sau ɗaya, aka sa mata ruwan naƙuda, ma'aikaciyar ta fita. Da tsakar dare uwar mijin ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa har sau uku, aka ce mata lokaci bai yi ba. Ba wanda ya saurari zuciyar yaron sai da asuba. Aka nemi likita, ba a same shi ba sai ƙarfe 10. Yaron ya fito bai yi kuka ba, jakar hura iska kuwa tana kulle a wani ɗaki.

Ta uku a gida ta haihu. Da naƙuda ta yi nawa, aka kirawo mai kemis na bakin kasuwa, ya yi mata allurar naƙuda biyu a cinya, wata tsohuwa ta hau ta danna cikin.

A ta fari, asibiti ba shi da laifi. Ɓarnar ta auku a ɗaka, tsakanin Talata da Alhamis. Wannan magana tana da ɗaci, amma dole mu faɗe ta, gama irinta ta fi yawa a ƙasarmu. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna a Jigawa kamar mace 1 cikin 5 ce take haihuwa a asibiti. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ta biyu ita ce ainihin abin da shari'a take kira sakaci. Ta uku ma sakaci ne, har ya fi muni, domin allurar naƙuda tana sa mahaifa ta murɗa ba hutawa, ta shaƙe yaron, wani lokaci ta fashe. A asibiti ma da ɗigo-ɗigo ake ba da ita ana tsaye a kai. Mai kemis ba shi da izinin yin ta ko kaɗan.

Abin da kotu take nema

Uba ko uwa suna iya shigar da ƙara da sunan yaron a Babbar Kotun Jiha, su nemi diyya. Ana haɗa ma'aikacin da hukumar da ta ɗauke shi aiki, gama maigida yana ɗaukar laifin da baransa ya yi a bakin aiki. Amma alƙali ba zai dubi yaron ya ji tausayi ya yanke hukunci ba. Zai tambaya ko asibitin ya karɓi matar, watau kulawa da ita ta hau kansa. Wannan ba wuya, kati ya isa shaida. Zai tambaya ko abin da aka yi mata ya gaza abin da ma'aikaci mai matsakaicin sani zai yi a irin wannan hali. Ba a auna shi da gwanin gwanaye, da tsaransa ake auna shi. Wannan ma'auni ya fito daga wata shari'a ta Ingila a 1957 da ake kira shari'ar Bolam, kotunanmu kuma suna aiki da shi. Saboda haka sai an sami wani likita ya zo ya tsaya ya ce, “Abin da aka yi ba daidai ba ne.” Samun likitan da zai ba da shaida a kan ɗan'uwansa likita kuwa, sai an sha yawo.

Tambaya ta uku ita ce take kayar da yawancin masu ƙara. Ko da an yi sakaci, shi ne ya jawo shanyewar? Lauyan asibiti zai ce matar ta kwana biyu a gida kafin ta zo. Zai ce yaron bakwaini ne, ko ya yi shawara bayan an sallame su, ko ya yi sanƙarau yana wata 4, ko tun a ciki ƙwaƙwalwar ba ta ginu daidai ba. Mai ƙara ne zai kawo hujjar da ta rinjayi waɗannan. Hujjar kuwa tana cikin takardu: lokacin isowa, bugun zuciya, makin jariri, jijjigar kwanakin farko, wani lokaci da hoton ƙwaƙwalwa wanda sai an je babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano. Bayan wannan ne ake lissafin hasara, watau kuɗin magani da gashi da keken guragu da mai reno, da sana'ar da uwa ta bari, har iyakar ran yaron.

Domin ku ga nauyin abin, ga shari'u biyu daga Birtaniya, inda dokarmu ta wannan fanni ta samo tushe. A 1970 aka haifi wani yaro a Birmingham bayan likita ya yi ta jan kansa da ƙarfen ciro yaro, daga baya ya koma ya yi aiki. Yaron ya sami rauni a ƙwaƙwalwa. Kotun farko ta ba shi fam 100,000. Aka ɗaukaka ƙara, aka soke. A Disamba 1980 kotun ƙoli ta ƙasar ta ce ba a tabbatar da sakaci ba. Shekara 10, iyalin suka tashi hannu wofi. Ana kiranta shari'ar Whitehouse da Jordan. Ta biyun ta wata mata ce a Sikotland, Nadine Montgomery, gajeruwa mai ciwon suga. Ɗan mai ciwon suga yakan yi girma, akwai haɗarin kafaɗarsa ta maƙale, wajen 9 ko 10 cikin 100. Likitarta ta san haka, ba ta faɗa mata ba, ba ta kuma ba ta zaɓin a yi mata aiki ba. A 1999 kafaɗar ta maƙale, yaron ya shanye. Ta faɗi a kotu biyu, sai a 2015 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya, aka biya fam miliyan 5 da dubu 250. Hukuncin ya ce dole likita ya gaya wa mace haɗarin da yake gabanta, ita ce za ta zaɓa.

A nan gida, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke shari'ar Ojo da Gharoro a 2006. Ba ta haihuwa ba ce. An yi wa wata mata aiki a asibitin koyarwa na Benin, allurar ɗinki ta karye, guntun ya zauna a cikinta. Duk da haka kotu ta ce ba ta tabbatar da sakacin likitan ba. Mutanenmu suna cewa shari'a saɓanin hankali. Ni dai abin da na koya daga nan shi ne, mugun sakamako kaɗai ba ya cin shari'a.

Wata uku, da takarda

Ga wurin da nake so kwamiti ya buɗe kunne. Akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati, wadda ta ce ƙarar da za a kai ma'aikacin gwamnati saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aiki, a shigar da ita cikin wata 3. Kotuna suna karanta ta har a kan hukumomin gwamnati, ba mutum ɗaya kaɗai ba. Asibitocin da matanmu suke zuwa a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, yawancinsu na gwamnati ne. To, ku tuna abin da muka faɗa a baya: sai yaro ya yi wata 6 ko shekara ake gane ya shanye. Kafin iyaye su farga, lauyan gwamnati ya sami abin da zai tare su da shi tun a bakin ƙofa. Akwai hanyoyin da lauyoyi suke bi su yi jayayya da wannan, wani lokaci su ci, wani lokaci su faɗi. Kada ku dogara da su. Waɗansu hukumomi kuma sai an rubuta musu takardar sanarwa tukuna kafin a kai su kotu. Saboda haka idan yaro ya fito bai yi kuka ba, aka kwantar da shi, ya yi jijjiga, kuna kuma da dalilin zaton an yi sakaci, ku nemi shawarar lauya a watan farko, ko da kuna fata yaron zai tashi lafiya. Neman shawara ba shigar da ƙara ba ne.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976 domin talakawa, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. A fara tambaya a Dutse.

Sa'an nan takarda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ya ajiye bayanan mara lafiya, ya kuma bayyana masa halin da yake ciki da harshen da yake ji. Ita ce kuma ta hana a ƙi karɓar wanda yake cikin haɗari na gaggawa saboda kowane dalili. Wanda ya ƙi, tararsa naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Mace mai naƙuda tana zubar da jini, a ce sai an kawo kuɗi tukuna, wannan karya doka ne. A 2018 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya, a ciki har da ikon mutum ya ga bayanansa.

Amma fayil yakan ɓace, ko a tarar ba a rubuta kome a ciki ba. Don haka ku yi naku. Katin awo, lambar fayil, rasit na magani da na jini, takardar da aka turo ku da ita, takardar sallama, a sa su cikin leda a ɓoye inda gara ba za ta kai ba. Mai waya ya ɗauki hotonsu. Wadda ta raka mai haihuwa ta zauna da wani mai rubutu, da boko ko da ajami, tun abin yana sabo a kanta: ƙarfe nawa muka isa, ƙarfe nawa aka duba ta, sau nawa na kira, wa ya zo, me aka ce. Na taɓa zama da wani magidanci wanda yake da tabbacin an cuce shi, na kuwa gaskata shi. Na ce ya kawo takardunsa. Ya ce ranar da suka komo gida matarsa ta jefa su a murhu don baƙin ciki. Ba mu iya yi masa kome ba.

Ba kotu kaɗai ba ce

Wani ba kuɗi yake so ba. So yake a gaya masa gaskiya, a kuma hana abin ya sake faruwa ga matar wani. Irin wannan ya fara da rubuta koke ga shugaban asibitin, ya riƙe kwafi wanda aka buga wa hatimi. Kwamitin ci gaban mazaɓa ya raka shi, gama an fi jin mutum biyar da mutum ɗaya. In ba a amsa ba, a kai ga Ma'aikatar Lafiya a Dutse. Idan likita ne ake ƙara, akwai Majalisar Likitoci ta Nijeriya a Abuja. Ana rubuta koke a rantse a kansa, kwamitin bincike ya duba, in ya ga akwai magana ya miƙa wa kotun ladabtarwa ta likitoci. Tana iya yi wa likita gargaɗi, ko ta dakatar da shi, ko ta soke sunansa daga rajista. Amma ba ta ba da diyya. Nas da ungozomar asibiti suna da tasu majalisar dabam.

Za a sami wanda zai ce, “Ƙaddara ce, a bar wa Allah.” Wannan magana tana sanyaya zuciya, ba na raina ta. Amma idan makiyayi ya bar shanu suka cinye gonarka, ka san ba abin da yake faruwa sai da sanin Allah, duk da haka kana zuwa wurin dagaci a kimanta ɓarna. Me ya sa ƙwaƙwalwar yaro za ta gaza kadadar gero? Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Jigawa suke bi, sun daɗe da rarrabewa: gwanin da ya yi aikinsa yadda ya kamata da izini, ba a bin sa in an sami hasara, amma wanda ya shiga magani ba da sani ba, ko ya yi ganganci, lamuni yana kansa. Kirista da Musulmi ba su saɓa a nan ba. Yafewa tana da kyau ƙwarai, amma sai ka san abin da aka yi maka kafin ka yafe shi.

Sulhu yakan fi sauri, sau da yawa kuma ya fi amfani ga yaron. Sai dai a yi shi a rubuce gaban shaidu, kada kuma a sa hannu a kan takardar da ba a karanta muku ba. Na ga an sallami mutane da kuɗin da bai kai na keken guragu ɗaya ba, alhali renon yaron na shekara 20 ne ko fiye.

Ina kuma roƙon kwamiti ya yi adalci ga ma'aikata. Akwai ɗakin haihuwar da mace ɗaya take tsaron mata 6 da dare, da fitilar waya, ba wuta, ba jini a ajiye, ba motar da za ta kai mutum Kano, tafiyar wajen kilomita 80 daga Kazaure. In an yi hasara a irin wannan wuri, laifin ya wuce ita, ya hau kan waɗanda suka bar ta ita kaɗai. Koken da ya ce “ba ma'aikata, ba jakar hura iska” yakan gyara abin da zagin nas ba zai gyara ba. Dukan ma'aikaci ko fasa kayan asibiti kuwa laifi ne, yana mai da mai gaskiya ya zama wanda ake tuhuma.

Shi yaron fa?

Ko an ci shari'a ko ba a ci ba, yaron yana nan yana jira. Kada a ɓata shekarunsa na fari wurin yawon masu cire iska, ana sayar da akuya da gona. Kada kuma a kai shi bakin ruwa, wannan kisan kai ne. A kai shi sashen gashi na babban asibiti tun da wuri, uwa ta koyi yadda za ta miƙar da gaɓoɓinsa kowace rana, gama aikin gida ne ya fi yawa. Kafinta na ƙauye yana iya yin 'yar kujera mai jingina da madauri domin ya zauna a miƙe. A zaune ake ba shi abinci, kaɗan-kaɗan, mai ɗan kauri, kada a ɗura masa yana kwance. In yana farfaɗiya akwai maganinta, a sha kullum ba fashi. A yi masa rigakafi kamar kowane yaro, a fito da shi cikin 'yan'uwansa, wanda zai iya kuma a sa shi makaranta. Dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairu 2019 ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. A Jigawa tun 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara ba naƙasassu alawus na naira 7,000 a wata. Kwamiti ya tambayi ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma yadda ake shiga irin wannan taimako yanzu.

A zamanin gwamnatin nan ne kuma shirin Haihuwa Lafiya ya koya wa ƙauyuka da yawa su yi asusun gaggawa, su san direban da za a tasa da dare, maigida kuma ya ba da izini tun ciki yana ƙarami cewa in naƙuda ta zo a tafi ko ba ya nan. Inda wannan ya mutu a ta da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin zama na gaba, kowace mai ciki ta zo da katin awonta mu duba tare ko an rubuta awon jini da rukunin jininta. Wadda jininta negetif ne ta sani akwai allurar da ake yi mata cikin kwana 3 bayan haihuwa, domin ta kāre ɗa na gaba daga shawara. Mutum biyu daga kwamiti su je asibitin da ya fi kusa, su gai da mai kula da shi, su tambaya cikin ladabi: ma'aikata nawa suke kwana, akwai jakar hura wa jariri iska, a ina take kwana, in haihuwa ta gagara ina ake tura mace, da wace mota. Sakatare ya rubuta sunayen gidajen da suke da irin yaran nan a ƙauyen, da shekarun kowane yaro, ya kawo littafin.